Baƙin Ɗigo a Kan Kumfa

Bari in fara da tona wa kaina asiri: ranar da na fara koyon busa ƙwan kumfa, maimakon in hura sai na zuƙa. Wata Laraba ce a bazarar 1996, tsakanin ƙaramar Sallah da babba, an taso mu daga makaranta, rana ta take har ƙadangaru sun shige rami. Shekarata goma. Muna tsugune a gindin randar Inna ƙarƙashin rumfar kara, wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidanmu, mu uku: ni, da ƙanwata Talatu mai shekara bakwai, da Buba ɗan kawuna. Buba ne ya zo da fasahar daga wajen yaran garin Kafin Hausa ranar kasuwa. Ya zare cikin wani mataccen biro ya bar bututun, ya dama omo a gwangwanin madara, ya jiƙa murfin kwanon sha, ya tsoma bakin bututun ya hura a hankali. Sai ga wani abu kamar kifaffiyar ƙwarya ta gilashi ya tashi a kan murfin, launuka suna yawo a jikinsa. Ni kuwa da ba na son a riga ni sanin abu, na fizge bututun, na ce ai wannan wasan jarirai ne, tun ina aji ɗaya na daina yi. Na tsoma, na ja da ƙarfi kamar mai jan kunu mai kauri. Omo ya bi maƙogwarona ya wuce bai ko yi sallama ba. Na rantse kwana uku in na yi gyatsa sai ƙamshin wankakken zane ya cika ɗaki, hanjina kuwa ya wanku fes, na tabbata har yau babu mai tsabtar ciki kamata a ƙasar Jigawa.

Talatu ta yi dariya har ta faɗi tana birgima a ƙasa. Da ta tashi ba ta tsaya kaɗe jikinta ba, ta bi gida gida tana shela. Kafin la'asar sunana ya tashi daga Tasi'u ya koma Sha-omo. Tsofaffin ƙofar masallaci suka ji, mai ƙosai ta ji, har monitan ajinmu ya rubuta Sha-omo a allo cikin masu surutu. Na kwana da abin a raina, na ce wallahi sai yarinyar nan ta gane kurenta.

Ruwa iri biyu ne a garinmu, kuma wanda bai san wannan ba ba zai gane abin da na aikata ba. Rijiyar tsakar gidanmu zartsi ce, ruwa mai ɗanɗanon kanwa, wanda ko jakinmu sai ya tsaya ya yi dogon tunani kafin ya sa baki. Da shi ake yayyafa tsakar gida, a kwaɓa ƙasa, a wanke turmi. In aka sa masa sabulu ba ya kumfa, sai ya tsinke ya yi dusa-dusa a sama kamar nonon da ya ɓaci. Ruwan daɗi kuwa yana can rijiyar bayan gari, gindin wasu dabinai uku, tafiyar da in ka je da safe sai hantsi za ka dawo. Shi ake zubawa a randa, shi ake sha, shi ake wankin kayan Sallah da shi, kuma Inna tana gadinsa kamar zinariya. “Ruwan randa na ciki ne, ba na wasa ba,” haka take cewa kullum ta ji ƙarar moɗa. Buba ne mai ɗebo shi. Kullum kafin makaranta yakan ɗaura wa jaki jarkoki huɗu, ya tafi yana fito, yana yi wa jakin Fulatanci, jakin kuma yana kaɗa kunne kamar ya yarda da duk abin da aka faɗa.

Daga rugar Kawu can wajen Garki aka kawo mana Buba don ya yi boko. Ya girme ni da shekara uku, amma ajinmu ɗaya saboda ya makara shiga. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, in ya ɗauki jarka biyu sai ka ce ludayi ya riƙo. Da yake ni ɗan mace ne shi ɗan namiji, taubasai muke, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Yakan sa mini gishiri a fura, ni kuma in ɓoye masa takalmi a cikin rumbu, babu babban da ke tsawatarwa, sai dai a yi dariya a ce wasa ne na gado.

Washegari na iya busawa, kuma cikin mako guda wasan ya zama sana'armu. Bayan azahar, in manya sun miƙe a inuwa, mu sai gindin randa. A fili ba ya yiwuwa, zafin bazara yakan shanye ƙwan kafin ka cire baki, amma a wannan lungu mai danshi yakan zauna a kan murfi ya daɗe. Nan na fara lura cewa kowane ƙwan kumfa hanya ɗaya yake bi. Da farko launuka sukan yi ta guje-guje, ja da kore da shuɗi suna cuɗanya. Can sai su natsu, su jeru layi-layi kamar zanen atamfa, su riƙa gangarowa ƙasa a hankali, ruwan yana tsiyaya yana taruwa a gindin. Saman sai ya koma ruwan zuma, daga nan ya yi fari-fari kamar tsohuwar azurfa. To a tsakiyar farin nan ne wani baƙin ɗigo yakan bayyana, ƙarami kamar ƙwayar gero, ya yi ta buɗewa har ya kai faɗin ƙwayar ido. Da ya buɗe, saura kaɗan. Sai ka ji wani sanyi ya taɓa maka fuska, ka duba murfin babu komai sai zoben ruwa.

Talatu ce ta tambaya. Ta kai fuskarta dab da murfin ta ce, “Yaya, mene ne baƙin nan?” Ban shirya ba, Allah ya sani, amsar ce kawai ta faɗo mini a baki kamar an jefo ta. Na waiwaya hagu da dama, na rage murya, na ce, “Idon mutuwa ne. Ai numfashinki kika zuba a ciki, ita kuma ta leƙo ta ga mai shi. Wanda nasa ya riga fashewa, shi zai riga tafiya.” Na ƙara da cewa tsohon nan mai haƙa kabari ne ya gaya mini, kuma duk wanda ya faɗa wa manya, nasa zai matso kusa. Buba ya kwashe da dariya ya ce, “Bawana, ƙaryarka ko jakina ba zai ɗauka ba.” Talatu ba ta yi dariya ba. Ta zuba wa murfin ido.

Da na tsaya a nan da abin ya zo da sauƙi. Amma na ce daga yau kowa da gwangwaninsa, kuma ni ne mai haɗi. Na samo gwangwani uku, na zaga bayan ɗaki, na zuba wa biyu ruwan randa da na sato, na uku kuwa na cika shi da zartsi, na gauraya shi sosai don dusar ta ɓuya, na miƙa wa Talatu. Muka jiƙa murfi uku, muka hura tare, muka fara ƙidaya. Nata ƙwan ya tashi ɗan tsurut, yana rawa, ko launin kirki bai yi ba. A bakwai ya fashe. Nawa ya kai arba'in, na Buba ya wuce hamsin. Ta ce a sake. Aka sake, ya fashe a tara. Aka sake, a shida. Na girgiza kai irin na manya a wajen ta'aziyya, ina danne dariya har cikina na ciwo. A raina na ce, to, je ki faɗa wa mai ƙosai wannan ma.

Na zaci za ta yi kuka ta kai ƙara, a dungure mini kai, a wuce wurin. Ba ta yi kuka ba. Kullum bayan azahar ita ke riga mu zuwa gindin randa, ta goge murfinta da gefen zaninta, ta zauna tana jira. Tana hurawa da bismilla, wani lokaci ta rufe ido. Ni kuma kullum in ba ta zartsi, don na riga na fara, kuma ganin yadda take bina da ido kamar wani babban malami ya yi mini daɗi. Sunan Sha-omo ya mutu a bakinta. A rana ta biyar ta daina yin gaɗa da ƙawayenta. A ta shida na ga ta ture kwanon tuwo bayan loma biyu.

Ana cikin haka sanƙarau ya shigo ƙasar. Da farko labari muke ji daga ƙauyukan gabas, daga baya ya zama sunayen mutanen da muka sani. Aka hana kwanan cunkoso a ɗaki, aka ce kowa ya fito da tabarmarsa waje. Ma'aikatan lafiya suka zo makarantarmu da wata allura mai kama da bindiga, muka yi layi tun daga ofishin hedimasta har gindin darbejiya, allurar ta ƙare kafin a kai rabin ajinmu, aka ce za su dawo. Kusan kowace rana sai an wuce da makara ta bayan dangarmu, wani lokaci ƙaramar tabarma ce kawai a hannun mutum ɗaya. In an wuce, Talatu takan tsaya a jikin danga ta leƙa ta tsakanin kara har sai sun ɓace. Inna ta ga yarinya tana ramewa, ta taɓa wuyanta ta ji lafiya, ta taɓa goshinta ta ji babu zafi, ta karɓo rubutu ta ba ta, ta saya mata alewa. Ta tambaye ta har ta gaji, Talatu ta ɓoye mata, domin ni na ce kada ta faɗa.

Wata safiya ina ɗaure akuya ta zo ta tsaya a bayana, rungume da 'yar kazarta wake-wake wadda Inna ta ba ta. Ta ce, “Yaya, in na tafi kai za ka riƙe ta. Ba ta son dusa jiƙaƙƙiya, tsaki take ci.” Ta faɗe shi ne kamar mai ba da sallahun kasuwa. Igiya ta suɓuce daga hannuna. Na ce, “Ke, ƙarya nake yi! Babu wani idon mutuwa, ni na ƙirƙira.” Ta dube ni, ta yi wani murmushi irin na tsofaffi wanda har yau ba na son tuna shi, ta ce, “Tausayina kake ji.” Na yi rantsuwa iri-iri, ba ta karɓa ba. Maganar ruwan kuwa ban iya faɗa ba. Da na faɗa, da ta kai kunnen Inna cewa ina satar ruwan randa, da ta kai kunnen Baba cewa ni na sa 'yarsa ta daina cin abinci a shekara irin wannan, kuma dorinar Baba tana rataye a zaure, na san ɗanɗanonta.

Sai na yanke shawarar da ta fi sauƙi ga matsoraci: tunda ƙarya ta kama ta, bari ƙaryar ta sake ta. Zan haɗa mata ruwan da ƙwansa zai daɗe har a gaji da ƙidaya. Kwana huɗu na yi a bayan rumbu ina gwaji kamar boka. Na fara da ƙara omo, ina zaton yawansa ne ƙarfinsa. Ya taimaka zuwa wani wuri, daga nan ko na juye rabin ƙullin Inna ba ya ƙara wani abin kirki. Amma na ga wani abu da ya tayar mini da tsigar jiki. In ruwan ya yi kauri da omo, baƙin ba ya zuwa gaba ɗaya. Farin saman yakan ɗan dushe ya tsaya, sai wani tabo mai duhu kaɗan ya buɗe a cikinsa ya mamaye, ya tsaya, sai wani wanda ya fi shi duhu ya buɗe a cikin wancan. Hawa-hawa, kamar wani yana saukowa daga tsani yana hutawa a kowane mataki. Ni da na san ƙarya na yi, sai da na ja da baya. Daga ƙarshe na gano sirrin a madafin Inna: ɗan garin busasshiyar kuɓewa, a jiƙa a tace yauƙin, a jefa ƙwayar sukari ɗaya, a bar haɗin ya kwana a rufe. Ƙwan da na busa da shi ya zauna a kan murfi kamar ya biya haya. Na ƙidaya har ɗari da ashirin, lissafina ya ƙare, shi bai fashe ba.

Saura abu ɗaya. Dokar da na kafa ta ce dole wani ya riga, kuma don Talatu ta gamsu sai wani ya faɗi warwas a gabanta yadda ita take faɗuwa. Na shirya komai a raina: mai kuɓewa nata, ruwan randa na Buba, zartsi nawa. Zan faɗi, in yi kukan ƙarya, ta yi mini dariya, in ma so take ta dawo da Sha-omo na yafe. Ranar Alhamis ce. Na fito daga bayan ɗaki da gwangwani uku a kan faifai, na ajiye wa Talatu nata. Daidai nan aka wuce da wata makara ta bayan danga, muna jin takun mutane da salatinsu ƙasa-ƙasa. Na dubi gwangwanin zartsi a hannuna na dama, dusar tana juyawa a samansa. Ni na ƙirƙiri maganar nan da bakina, na san inda na tsaya na ƙirƙire ta, amma na ji tsoronta. Hannuna ya miƙe da kansa ya ajiye gwangwanin a gaban Buba.

Mutumin da yake ɗebo ruwa kullum ba a ɓoye masa ruwa. Buba ya leƙa gwangwanin, ya tsoma yatsa ya murza, ya ɗago ya dube ni. Ya dubi Talatu da ƙasusuwan wuyanta da suka fito, ya sake dubana, na ga ya harhaɗa komai a kansa. Ya matso kunnena ya ce, “Bawana, yau ni ka ba ruwan jaki?” Ya yi 'yar dariya ta hanci, ya ɗauki bututunsa ya hura.

A biyar nasa ya fashe. Sai ya dafe ƙirji ya yi ihu, “Wayyo, ta gan ni! Na bar wa Sha-omo jakina da ƙudajensa!” Ya faɗi rigingine a tabarma, ya ɗaga ƙafafu sama yana shure-shure kamar kazar da aka yanka, ya zaro harshe, ya sandare. Nawa ya fashe a talatin da wani abu, ban ma kula ba. Na Talatu yana nan zaune, launuka na gangarowa a hankali, tana ƙidaya da rawar murya, ta wuce hamsin, ta wuce tamanin, ta kai inda ba ta iya ba, ta koma ɗaya. Buba ya buɗe ido ɗaya daga inda yake kwance ya ce, “Gawa tana tambaya, an gama ko ta ci gaba da mutuwa?” Talatu ta tuntsire da dariya, irin dariyar ranar omo, har numfashinta ya fasa ƙwan. Da yamma ta cinye tuwonta ta suɗe kwanon. Na kwanta ina jin kaina gwani, na ce ai ko likitan Dutse sai haka.

Kwana tara bayan nan Buba ya dawo daga rijiyar bayan gari ba ya fito. Ya sauke jarka biyu, ya bar biyu a kan jaki, ya zauna a ƙasa ya ce kansa kamar ana sara. Kafin azahar jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, wuyansa ya ƙi lanƙwasuwa, ya ce a rufe masa ido haske na sukarsa. Baba ya ɗaura shanu a amalanke aka kai shi bakin titi, daga nan mota ta ɗauke su zuwa asibiti. Ina tsaye a ƙofar gida lokacin da amalanken ya juya, ƙafafunsa dogaye suna reto a baya, ɗaya babu takalmi. Takalmin yana cikin rumbu, ni na ɓoye shi tun safe, ina jiran ya nema. Washegari da la'asar Baba ya dawo shi kaɗai.

Babu wanda ya zarge ni, don babu wanda ya san akwai abin zargi. An ce kwana ya ƙare, kuma haka ne. Kawu ya zo daga ruga ya zauna kwana uku a zaure, ya dafa kaina ya ce, “Abokin wasanka ya tafi ya bar ka.” Jakin ya dawo hannuna, kamar yadda mai shi ya faɗa yana shure-shure, kuma wata guda ya yi yana tsayawa a hanya yana jiran Fulatancin da ban iya ba. Talatu kuwa ba ta sake zuwa gindin randa ba, ba ta sake ambaton wasan ba, kuma ta daɗe ba ta haɗa ido da ni. Na ɗauka ta gaskata ne gaba ɗaya, tana ganin ƙwanta ne ya ture mutuwa zuwa kan Buba. Na binne gwangwanayen a bayan rumbu. Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ina sakandare a Dutse, wani mai wa'azi ya yi mana dogon bayani a kan duba da camfi, na zauna a sahun baya ina zufa, ina hango 'yan hisba sun tono gwangwani uku sun jera a gaban alƙali, an kira jaki shaida. Na ba abokaina wannan labarin a ɗakin kwana sun yi dariya har da hawaye. Rabin labarin na ba su. Ni dai na san in ina wanki, kumfa ta taso a bokiti, hannu nake sawa in farfasa ta da wuri, kafin wani ƙwai ya natsu ya fara jera launi.

A zangon da ya wuce, yanzu da nake ajin ƙarshe, malaminmu na kimiyya, wani siriri mai gilashi da muke kira Malam Kwalba a bayan idonsa, ya shigo aji da omo da zoben waya, don kayan ɗakin gwaji sun ƙare. Ya tsoma zoben, ya tsayar da shi a taga, ya kara baƙin allo a bayansa. Launuka suka jeru suka gangaro, saman ya yi fari, ɗigon ya buɗe. Ya ce ƙwayoyin sabulu ƙanana ne fiye da tunani, kowace da kai da wutsiya kamar talibambam, kan yana son ruwa, wutsiyar ba ta so. Sukan jeru a fuska biyu na fatar kumfa, kai a ruwa wutsiya a waje, su riƙe ruwan a tsakani. In fuskokin sun cika, ragowar sai su dunƙule, wutsiyoyi a ciki kawuna a waje, yadda shanu kan kewaye maruƙa. Dunƙulen nan kan jeru sahu-sahu a cikin fatar, ruwa yana tsiyaya, sahu ɗaya ya fice fatar ta ɗan tsaya, wani ya fice ta ƙara sirancewa, shi ya sa duhun ke zuwa hawa-hawa. Yauƙi yana rage wa ruwan gudu. Zartsi kuwa gishirinsa kan kama kawunan ya mai da su dusa, a rasa masu riƙe fata. Na ɗaga hannu, abin da ban saba yi ba sai in fitsari zan fita, na ce, “Malam, baƙin fa? Huda ce?” Ya ce, “Ba huda ba ce. Fatar tana nan, ta yi sirantar da ba ta iya maido maka da haske ne.”

Da aka yi hutu na koma gida da bayanin nan kamar mai ɗauke da magani. Na sami Talatu tana tankaɗe a rumfa, ta zama budurwa, tana ƙaramar sakandare. Na tsuguna na zana mata talibambam a ƙasa da tsinke, na yi ta zuba, kai da wutsiya da sahu, sannan na sunkuyar da kai na faɗi abin da na shekara takwas ban faɗa ba: gwangwaninta na kwanakin farko, da wanda na ajiye a gaban Buba. Ba ta daina tankaɗe ba. Ta ce, “Na sani. Yaya Buba ya nuna mini tun ran nan da yamma. Ya kai ni bakin rijiya, ya dama omo a ruwa biyun a gabana, ya sa na busa da kaina. Shi ya sa na ci tuwo, ba don ƙwanka mai kuɓewa ba.” Na ce to me ya hana ta magana duk shekarun nan? Ta kaɗe rariyar a tafin hannunta ta ce, “Ya ce in ƙyale ka, za ka faɗa da bakinka. Ban zaci za ka daɗe haka ba.”

Yanzu an haƙa burtsatse a garinmu, ruwan daɗi yana zuba a ƙofar masallaci, an rufe rijiyar zartsi da itace da ƙasa, babu yaron da ke tafiyar hantsi da jaki. A kasuwar Dutse ana sayar da ruwan kumfa a 'yan kwalabe masu launi, yara su hura ƙwai ashirin a tashi ɗaya, iska ta kwashe, ba mai tsayawa ya ga yadda ɗaya ke ƙarewa. Ni na san sunan kowane mataki yanzu, zan iya rubuta shi a jarrabawa in ci, amma har yau in ɗigon ya fara buɗewa kau da kai nake yi. Sanƙarau ne ya kashe Buba, yana da shekara goma sha uku, a asibiti aka yi masa sutura, can aka binne shi. Takalminsa ɗaya yana cikin akwatina.